Tabon da ke gefen bakina

Labari iri uku na ji ana ba ku game da wannan tabo da ke gefen bakina na hagu. Wasu sun ce keke ne ya kayar da ni a hanyar Doma, ni da har yau ban iya hawa keke ba. Wasu sun ce faɗa na yi a makaranta. Ƙanwata Binta, da yake ita mai son rufin asiri ce, ce muku ta yi zakara ne ya tsage ni ina rarrafe. Duk ba haka ba ne. Askar wanzami ce, kuma da girmana aka yi shi, da hantsi, a gaban matan unguwa. Zan faɗa muku yadda aka yi, don na gaji da jin ana gyara min tarihina ina zaune, kuma don kwanan baya na ji ɗayanku, ba sai na kama suna ba, yana tambayar asalin yaron da ke neman ƙanwarsa da wata irin murya da na sani tun ina yarinya.

Shekarar da na gama sakandare ce, ina zaman jiran sakamako, lokacin garinmu Lafiya yana ƙarƙashin Jos. Gidanmu na cikin tsohon gari ba irin wanda kuka sani yanzu ba ne, babban gida ne mai sassa da yawa, kuma kakata ta wajen uba, wadda kowa ke kira Kaka, ita ke riƙe da shi. Baba yana fataucin doya zuwa Kano da babbar motarsa guda ɗaya, amma in ya shigo gida muryarsa ƙasa take yi. Can bayan rumbuna, kusa da bishiyar mangwaro, akwai sashen da muke kira sashen baya. A nan Gwaggo Tani take zaune da ɗanta, Yaya Audu, wanda ke jan motar Baba. Gwaggo Tani ce ta goye ni, a ɗakinta nake ɓuya in na yi laifi, tukunyarmu ɗaya. Na ga dai tana durƙusawa tun daga bakin ƙofa in za ta gaida Kaka, alhali kusan sa'arta ce. Na ga ranar Babbar Sallah kai da ƙafa ne kullum rabon sashen baya. Na kuma ga ita da Yaya Audu suna da gajerun tsaga biyu a gefen baki na hagu. Duk na gani, amma kamar yadda mutum ke ganin wani dogo ne wani gajere. Ni da malamai suka gaji da tambayoyina a aji, ban taɓa tambayar wannan ba.

Lami ce ta tambaye ni. Matar Yaya Audu ce, 'yar Eggon daga ƙauyukan da ke gindin dutse a hanyar Akwanga. A tashar mota ya same ta tana soya doya, ya auro ta. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu, kuma ba ta iya kewaye-kewaye ba, shi ya sa muka shaƙu. Ta haifi ɗa namiji a farkon damina. Ana cikin kwanakin jego na shiga kai mata kunun kanwa, sai ta ce in zauna.

"Anti, wannan zane na fuskar Audu, mamansa ya ce za a yi wa yarona ranar suna. Na tambaye shi ma'ana, ya ce in bari. Kai ka yi makaranta. Mene ne shi?"

"Shaidar gida ce," na ce mata, don haka na ji ana faɗa.

Ta dube ni sama da ƙasa.

"To ina naka?"

Sai da na kai hannu na shafa kumatuna kamar wata sakara. Baba yana da dogayen tsagar Barebari irin na Kaka, mu 'ya'yansa kuwa ba a yi mana komai ba, don ya ce 'yan makaranta ba sa bukata. To shaidar wane gida ce wadda 'ya'yan gida ba su da ita? Na fito daga ɗakin nan kaina yana ƙaiƙayi. Na sami Inna tana tankaɗe, na tambaye ta. Ba ta ko ɗago ba, ta ce wa ya aike ni, in je in tambayi waɗanda suka girme ta. Da la'asar na sami Baba a kan tabarma da rediyonsa. A shekarun nan kullum sai an yi maganar Afirka ta Kudu, yadda Turawan can suka ware wa baƙar fata unguwarsu da motarsu da bencin zamansu. Ni kaina na taɓa cin gasar muhawara a makaranta a kan wannan, har na buga tebur. Baba yana ji yana tsaki, yana cewa Allah ya isar wa bayin Allah. Na bari aka gama labarai, sannan na tambaye shi.

"Tsohon zance ne, Rakiya. Kakar su Audu ta kakana ce, mallakarsa. An daina wannan tun kafin a haife ni. Tsagar ce kawai ta rage, kuma ba ta cizo."

"To in ba ta cizo, me ya sa ba a yi mana ba?"

"Kawo min ruwa."

"Baba, ina bambancinta da abin da ka gama yi wa tsaki yanzu?"

"Waɗancan Turawa ne. Ruwa na ce."

Na kawo ruwan, amma tambayar ba ta kwanta ba. Sauran kwanakin kafin suna na zama kamar wata mahaukaciya a kasuwa. In aka aike ni sayen agushi sai in ɓata rabin yini ina kallon fuskokin mutane. Ashe tun da nake garin nan ban taɓa karanta shi ba. Ga tsofaffin Alago masu kawo gishiri daga Keana, ga Migili masu riɗi, ga Tibi da ke sauke doya, ga Fulani masu nono, ga Kanawa 'yan koli, kowa da rubutunsa a fuska. Ina tsayawa in gaida tsohuwa, in ce Mama, wannan taki ta ina ce? Wasu su yi dariya, wasu su kore ni, amma yawanci suna faɗa da alfahari: ta ubana ce, ta garinmu ce, ta danginmu ce. Wata ma ta ce an yi mata ne don yayyenta suna ta mutuwa, aka tsaga ta don mutuwa ta ƙyale ta. Kowace tsaga tana faɗin inda mutum ya fito. Daga ƙarshe na je wurin wata tsohuwa 'yar cikin gari mai sayar da daddawa, na zana mata gajeru biyu a gefen bakina da yatsa, na ce wannan fa? Ko tunani ba ta tsaya yi ba. Ta ce ai ta gidanku ce, ta bayin gidanku, wa bai san ta ba? A bakinta kuma na ji abin da ya sa Yaya Audu, da kyansa da sana'arsa, sai a tasha ya sami mata. Gida biyu ya nema a cikin gari, duka biyun suka dubi gefen bakinsa suka ce yarinya an yi mata miji.

Na komo gida kai tsaye zuwa ɗakin Gwaggo Tani, ina tsammanin zan same ta da baƙin ciki irin nawa. Na same ta tana gyaran wake tana waƙa. Na ce ta ba ni labarin uwarta. Ta ce ba wani labari mai yawa, an kawo ta ne tana 'yar ƙarama a kan jaki, tsakanin buhunan gishiri, ba ta san sunan garinsu ba, abin da ta tuna kawai akwai dutse da rafi. Sai wata 'yar waƙa da take yi wa yara, wadda ita Gwaggo Tani ta riƙe ba tare da ta san ma'anarta ba. Na ce ta rera min. Ta rera. Na ja ta har ɗakin Lami don Lamin ta saurara, ko yarensu ne. Lami ta kasa kunne da kyau, ta ce ba Eggon ba ne. Daga baya na rera wa 'yar Migili, na rera wa ɗan Alago, na rera wa wani Mada, kowa ya ce kamar ya sani amma ba nasu ba ne. Har yau ban gano ba, kuma har yau in na haɗu da tsoho daga wani dutse sai na gwada shi.

"Gwaggo, to kina so a yi wa jikanki wannan tsaga?"

"In ba a yi masa ba, na wa zai zama?"

"Na ubansa mana."

"Ke yarinya ce. Uwata ba ta da gari, ba ta da dangi. Wannan tsagar ita ce ta ba mu ƙofar da za mu shiga. Ranar da na mutu, gidan nan ne zai yi min sutura. Ki bar min abina."

Wannan amsa ta fi ta Baba ɗaure min kai, don ban san da wa zan yi faɗa ba. Na je wurin Yaya Audu, na same shi kwance a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na tsuguna na tambaye shi ko shi yana so.

"Rakiya, ke gobe jami'a za ki ko gidan miji. Ni a gidan nan nake kwana, motar Baba nake ja."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba, Yaya."

Ya ci gaba da ƙwanƙwasa ƙarfensa. Can ya ce, "Miƙo min sifana."

Saura Kaka. Ni da ita akwai wasan jika da kaka, tana kirana Lauya saboda bakina, kuma ni kaɗai a gidan nake iya zama a bakin gadonta. Na same ta tana ɓare goro. Ta saurare ni har ƙarshe, abin da ba ta saba yi wa kowa ba.

"Lauya, na taɓa hana su abinci? Na taɓa dukansu? Wa ya yi wa Audu aure? Ragon sunan nan da kike gani a ɗaure, wa ya saya?"

"Ke ce, Kaka."

"To tashi ki ba ni wuri. Kowane gida yana da sama yana da ƙasa. Ko yatsunki ba daidai suke ba."

"Amma ba wanda aka yi wa tsaga a cikinsu."

Ta jefe ni da ɓawon goro tana dariya, ta ce boko ya lalata ni. A wurinta zance ya ƙare ke nan.

Ranar suna maza suka taru a zaure da safe, aka raɗa wa yaro Isa, aka yanka rago. Da hantsi wanzamin gidanmu, Garba, ya shigo da zabirarsa ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mutum ne mai surutu da barkwanci, shi ya yi wa dukanmu askin suna. Mata suka kewaye shi, Kaka tana kan kujerarta. Ya aske kan jaririn tas, yaro ya yi ta tsala kuka, sai Garba ya ce a mayar wa uwarsa ta ba shi nono ya lafa, don ba a tsaga fuskar da ke motsi. Aka kai wa Lami shi ɗaki. Garba ya fito da ƙaramar aska yana wasa ta, ya ajiye ɗan kasko na baƙin tukunya a gefe, wanda ake shafawa a kan tsaga don ta zauna ta yi duhu. Gaskiya ban shirya komai ba. Ina tsaye riƙe da tire na ƙosai, ina jin ƙarar wasa askar nan, sai kawai na ajiye tiren na je na zauna a tabarmar, na miƙa masa kumatuna.

"Malam Garba, fara da ni."

"Aski kike so, 'yar boko? Sai an yi min kuɗin kai biyu."

"Shaidar gida nake so. An ce ta gida ce, ni kuwa 'yar gida ce, an manta ba a yi min ba."

Inna ta kira sunana a hankali, irin kiran da ke nufin zan gamu da ke. Garba ya dubi Kaka, yana murmushin da bai kai ciki ba. Kaka ta tauna goronta, ta dube ni kamar yadda take duban kaza kafin ta saya.

"Yi mata, Garba. Mu ga inda bakin ya tsaya."

Na tabbata ba ta yi nufin a yanke ni ba, shi ma Garba ya gane haka. So suke in ji sanyin ƙarfe in zabura, a yi dariya, a ci gaba da biki. Ya kama haɓata, ya ɗora bakin askar a gefen bakina ba tare da ya danna ba, yana cewa to amarya, a rufe ido. Na jira. Kun san ni da jira. Na ce masa wasa kake yi ko aiki, na tura fuskata gaba. Askar wanzami ba ta san wasa ba. Ban ma ji zafi da farko ba, sai na ga jini yana ɗiga a kan atamfar da aka ɗinka min don sunan. Garba ya saki askar yana salati, Inna ta faɗo kaina, mata suka rikice, wata ta ruga zaure kiran Baba. Kaka ta miƙe tsaye, ta ce a shafa min baƙin tukunyar tunda ni na nema, a cika min ta biyun ma.

Kada ku ɗauka ni na ceci yaron nan. Ni surutu na yi da jini, Lami ce ta yi aikin. Lokacin da duk gida ya taru a kaina, ita ta goya ɗanta, ta yafa zane, ta fita ta ƙofar baya wajen mangwaro da ɗanyen jikinta, ta nufi tasha. Babu direban da bai ci doyarta ba a wurin, kafin a farga babu ita har ta kama hanyar Akwanga. Daga baya ta ce min ko da ban zauna a tabarmar ba, ta riga ta ɗaure kayanta tun asuba, hanyar fita kawai take nema. Baba ya tura Yaya Audu ya dawo da ita. Ya tafi, ya kwana can, ya dawo shi kaɗai. Ya durƙusa gaban Baba ya ajiye makullin mota, ya ce ya gode da riƙo, amma ɗansa zai zauna da fuskar da Allah ya ba shi. Baba ya ce ba wanda ya kore shi. Ya ce ya sani. Ya kama haya a hanyar Makurdi, ya yi shekaru yana jan motocin mutane, yau da aiki gobe babu, kafin ya tsaya da ƙafarsa. Sun ji jiki, shi da Lami, kuma ba ni na ji musu ba.

Ni ma na biya nawa, ko da yake bai kai nasu ba. Kaka ta daina kirana Lauya, ta daina kirana komai, har aka yi kaka aka kwashe doya ba ta amsa gaisuwata. Akwai wani ɗan gidan mutunci a unguwarmu da ake maganarmu da shi. Gwaggonsa ta zo ganina, ta zauna tana ta duban gefen bakina, ta tambayi Inna ko ita ta haife ni da cikinta. Daga ranar ba su sake dawowa ba. Ban yi kuka ba, mamaki na yi. Tsaga ɗaya ce, rabin aiki, kuma matar ta san uwata ta san ubana, amma ɗan layin nan ya fi ƙarfin duk abin da ta sani. A nan na gane abin da Yaya Audu yake ɗauke da shi a fuska tun yana da kwana bakwai a duniya, na kuma gane mutum yana iya zagin zaluncin da ke ƙetaren teku da zuciya ɗaya, ya dawo gida ya wasa aska. Babanku da ya zo nemana daga baya, shi abin da ya tambaya kawai shi ne ko ya yi zafi.

Amma wadda na fi tunawa ita ce Gwaggo Tani. A ranar, da Kaka ta ce a shafa min baƙin tukunya, Gwaggo Tani ce ta ratsa mata ta fizge ni, ita da ban taɓa ganin ta tsallake maganar Kaka ba. Ta kai ni ɗakinta, ta zaunar da ni, ta wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, tana wankewa tana sakewa don kada ko ɗigon baƙi ya shiga. Fuskarta a murtuke.

"Kin raba ni da jikana, kin ji daɗi. Wannan abin ba don irinki aka yi shi ba."

"To don irin wa aka yi shi, Gwaggo?"

Ta matse tsumma, ta danna min a kan ciwon.

"Riƙe kanki daidai, kina ɓata min aiki."

Ta ƙi bin ɗanta gidan haya, ta ce a sashen baya aka haife ta, a nan za a ɗauke ta, kuma haka aka yi. Ta yi watanni ba ta je ganin yaron ba. Sai wata Juma'a na ga ta ɗaura zanenta mai kyau, ta ƙulla ƙuli-ƙuli a leda, ta fita ba ta gaya wa kowa ba. Da ta dawo da yamma ina zaune a gindin mangwaro ina jiran ta, don na san inda ta je. Ta zauna kusa da ni tana haki, ta cire takalmi, ta daɗe tana murza ƙafarta.

"Ya yi ƙiba," ta ce. "Ya fara haƙori. Na ɗauke shi na yi ta dubansa, na juya nan na juya can. Fuskar nan tasa, Rakiya, ba ta kowa ba ce."

"Yabo ne wannan, Gwaggo, ko ƙorafi?"

"Ke dai ba kya gajiya da tambaya."

Ba ta taɓa faɗa min ba har ta rasu. Ni na ɗauke shi yabo, kuma da shi na rene ku.